Goro Uku a Kotun Maraɗi

Da sunan Allah nake buɗe baki, shi ya kai ni, shi ya maido ni. Ni ce Tumba, mutuniyar Tsamaye, wadda tashin hankalin daji ya maido Sabon Birni. Ban iya rubutu ba. Maƙwabciyata Malama Rabi ke riƙe da alƙalami, na kuma ce mata ta sa magana yadda ta fito, inda kuka ya tsayar da ni ta jira ni.

Tun da na dawo daga Maraɗi ba a bar ni na huta ba. Gidan suna, gidan gaisuwa, bakin famfo, tambayar ɗaya ce: Tumba, yaya Faranshi, yaya shari'ar jikanki? Faranshi muke ce wa ƙasar tsallaken iyaka. Wasu tausayi ke sa su tambaya. Wasu kuwa sun ji ana cewa na kai wa alƙali cin hanci an kama ni. Ba alƙali ba ne, ba kuma cin hanci ba ne. Goro ne guda uku. Za ni faɗa tun daga farko, in huta da maimaitawa.

Jikan nawa ɗan ɗiyata Hajo ne, wadda aka kai aure Tibiri, Allah ya karɓi abinsa tana haihuwarsa. Ni na goya shi har ya yi wayo, sannan ubansa ya zo ya tafi da shi can tsallaken iyaka. Sunan mijina marigayi aka sa masa, don haka bakina bai taɓa faɗin sunan ba. Maigida nake ce masa, shi kuma ya ce mini Amarya. A fagen kokawa kuwa Kututture suke kiransa. Gado ya yi, domin kakansa ma da ƙuruciya babu ƙauyen da bai yi kaye ba tsakanin Isa da Burkusuma. Sai dai kakan don suna yake yi, bayan an kai gero rumbu. Shi yaron sana'arsa ke nan. Akwai ƙungiya mai ɗaukar nauyinsu, tana ba su abinci da albashi, tana kai su gari gari. Tun rasuwar mijina, hatsin da nake ci daga ƙarfin ƙirjin yaron nan yake fitowa.

Abin da ya faru, yadda aka faɗa mini, shi ne wata ranar kasuwa yana zaune wurin mai shayi, wani ɗan tasha ya dame shi da tsokana, wai ya tashi su gwada. Ya ƙi. Da ya miƙe zai tafi sai mutumin ya kama shi. Kafin a ce wani abu mutumin yana ƙasa, kansa ya bugi bakin kwalbati. Kwana uku ya yi a asibiti ya cika. Allah ya jiƙansa, ɗan wata ne shi ma.

Aka kama Maigida. Tun bai yi mako a kaso ba ƙungiyarsu ta fitar da takarda ta ce ta dakatar da shi, ba fage, ba albashi, sai an gama shari'a. Bayan watanni aka sake shi ya jira a waje, aka ce za a kira shi. Kakar kokawa biyu ta wuce yana jira. Ranar da ya bugo wa Malama Rabi waya ya ce an sa rana, na ce za ni. Ya ce: "Amarya, hanya ba kyau, ki zauna." Na ce ko a kan jaki ne za ni.

Kulu ce ta ɗauke ni, ɗiyar ƙanen mijina, wadda ke fataucin tabarmi da aya tsakanin kasuwanninmu da Maraɗi. Ta ce ba a fita sai rana ta ɗaga, ba a kuma tafiya babur ɗaya. Muka taru babura shida a bakin gari. Mai ɗaukata wani magidanci ne, Sani, ya ɗaure ni da shi da gyale kamar yadda ake goya yaro, ya ce: "Kaka, in kin ga na ƙara wuta kada ki tambaye ni dalili."

Ban tambaya ba. Hanyar Burkusuma na san ta tun ina budurwa, amma ranar ban gane ta ba. Mun wuce ƙauyuka uku ba hayaƙi, ba kukan akuya. Ga dawa tsaye a gona ta bushe, ba mai yanka. Da muka shiga wani busasshen rafi sai tayarmu ta baya ta yi faci. Sauran suka tsaya can gaba cikin itatuwa suna yi mana hannu mu yi sauri. Sani ya kwance ni, ya durƙusa yana cire taya. Sai muka ji ƙarar babura daga yamma, masu yawa.

Kulu ta ja ni bayan wata sabara ta danne mini kai. Ina jin bugun zuciyarta a kafaɗata. Abin da ya zo mini ba mutuwa ba ne. Cewa na yi a raina, yanzu yaron nan zai waiwaya cikin kotu bai ga kowa nasa ba. Baburan suka ɓullo, ashe masu jarkokin mai ne, su ma da suka hango mu sun kusa juyawa. Ɗaya daga cikinsu ya ba Sani famfo, ya dube ni ina kakkaɓe ƙasa ya ce: "Tsohuwa, ke ma fatauci?" Na ce jika za ni gani. Ya ce: "To, wannan kayan ya fi namu nauyi."

A kan iyaka akwai rumfa da igiya da jandarma biyu. Kulu ta miƙa tata takarda ta wuce. Ni kuma na kwance bakin zane na fito da katin zaɓe, wanda wanki ya cinye rabin fuskar da ke kansa. Jandarman ya juya shi sama da ƙasa, ya ce wannan ko uwar da ta haife ni ba za ta gane ni a ciki ba. Sai ya ɗaga kai ya dubi kumatuna, ya ga tsagen Gobir, shida nan bakwai nan, ya fashe da dariya. Ashe Bazabarme ne, kun san wasan da ke tsakaninmu da su. Ya ce: "Af, ashe baiwata ce ta gudu, yau ta dawo da ƙafarta!" Na ce: "Kai dai bawan Gobir, ɗaga igiya uwargijiyarka ta wuce." Ya duba takardar kiran shari'a da lauya ya aiko, dariyar ta tafi, ya ce: "Allah ya sauƙaƙa, Inna." Ya ɗaga igiya da hannunsa.

Ku riƙe wannan, don shi ya fara ruɗina. Na shiga ƙasar mutane ina cewa a raina, ashe fuskata ta fi takarda.

Daga nan mota muka shiga, ni da buhunan albasa da wani rago da ya yi ta cin bakin gyalena har Maraɗi. Masaukin Kulu gidan wata Hajiya ne mai sayen aya. Da farko ta ce ɗakin baƙi ya cika. Da na yaye lulluɓi ta ga tsage, sai ta tambayi garinmu, ta ce kakarta daga wajen Alƙalawa aka kawo ta, ta sa aka janye buhuna aka shimfiɗa mini tabarma. Sau biyu ke nan a yini ɗaya.

Abincinsu bai yi nisa da namu ba, fura ce da tuwon gero, sai dai da safe burodi suke ci dogo kamar sandar makiyayi, mai ɓawo. Na gatsa sau ɗaya haƙorina na gaba ya yi motsi, daga nan sai na jiƙa shi a shayi. Hausarsu tamu ce, amma in sun zo kan maganar hukuma sai su juya harshe zuwa na Faranshi, ka zauna kamar kurma.

Washegari Kulu ta kai ni inda Maigida yake dako. Na hango shi da buhun aya a kai ban gane shi ba sai da ya yi magana. Wuyan nan da ya yi kaurin turmi ya zube. Ya sauke buhun ya durƙusa, ya ce: "Amarya, wa ya ba ki izinin fita ba da sanin mijinki ba?" Na ce: "Mijin da ya bar ni shekara biyu ba cefane?" Muka yi dariya, sannan na kama kansa na yi kuka a gaban 'yan dako, ban ji kunya ba.

Ranar ce kuma na ga sakataren ƙungiyarsu, ya zo yi masa fatan alheri. Ban raga masa ba. Na ce: "Ɗana, ku kun riga alƙali yanke hukunci. In gobe aka ce ba shi da laifi, wa zai maido masa da shekara biyu? Ƙarfin ɗan kokawa ba ya jira." Ya sunkuyar da kai ya ce: "Inna, ba mu ce ya yi ba, ba mu ce bai yi ba. Amma ki duba, a ce ya shiga fage, makaɗa na zuga shi, ana kiransa mai kayar da maza, ga dangin mamaci cikin 'yan kallo. Mi za mu ce musu? In kuma muka bar shi, gobe wani ya yi abin da ya fi wannan, da wane baki za mu hana shi?" Na ce a zamanin mijina ma in jini ya shiga tsakani ɗan kokawa ba ya shiga fage, amma dattawa kan zauna cikin mako guda a kashe magana. Ya ce: "To, mu tamu hukumar ba ta da mako guda." Har yau ban ce ya yi daidai ba. Ban kuma iya cewa ƙarya ya faɗa ba.

Da la'asar Maigida ya koma kaso da ƙafarsa, domin haka dokarsu take, wanda za a yi wa babbar shari'a a can yake kwana. Lauyansa, wanda suke kira Metir, wani siriri mai saurin magana, ya tsaya da ni a bakin ƙofa yana duba agogo. Ya ce: "Inna, gobe ki zauna inda aka zaunar da ke. Kada ki kusanci masu shari'a, kada ki ce musu komai." Na ce to. Ni a sanina mai shari'a shi ne alƙali.

Kotun babban ɗaki ne mai fanka. Alƙalai uku suka shigo da manyan riguna, na tsakiya tasa ja. Aka shigo da Maigida aka tsayar da shi bayan wani katako. Ya waiwaya, ya gan ni, ya juya. A ɗaya gefen akwai wata tsohuwa sa'ata da farin lulluɓi. Ba wanda ya gaya mini ko wace ce, na sani.

Sai aka yi wani abu da ban taɓa gani ba. Aka kawo akwati da 'yan takardu a ciki, mai jar riga yana sa hannu yana zarowa yana kiran suna, mutum ya taso daga cikin jama'a. Wani in ya taso sai Metir ya faɗi kalma ɗaya, mutumin ya koma ya zauna, ba a ko tambayi dalili ba. Mai gabatar da ƙara shi ma ya mayar da wani. Har aka sami huɗu, da ta biyar wadda aka zaunar a gefe. Kowannensu ya ɗaga hannun dama ya yi rantsuwa. Ba riga, ba hula ta hukuma, kayan gida ne a jikinsu. Na taɓa Kulu na ce su wane ne waɗannan? Ta ce mutanen gari ne, jure ake ce musu, su ma ana jin ta bakinsu. Na ce a raina, to, dattawan zaure ke nan, irin masu zama gefen hakimi. A wurinmu ai su ake bi a gaida, su sa baki a sassauta.

Cikin huɗun akwai wani dattijo mai faɗin kafaɗa. Da ya juyo na ga kumatunsa sai na ƙura masa ido. Tsagen mijina ne sak, har yadda na ƙasan ya ɗan karkace.

Aka fara kiran shaidu, tafinta yana juya mana magana. Mai shayi ya faɗi abin da ya gani. Mai gabatar da ƙara ya yi ta nanata cewa mutumin da aka horar shekara goma yana kayar da ƙarti ya san abin da hannunsa ke yi. Ana cikin haka dattijon nan ya nemi izini ya yi tambaya. Ya ce wa mai shayi: "Da mamacin ya kama shi, ta gaba ya zo ko ta baya?" Mai shayi ya ce ta baya, ya sarƙe masa wuya. Dattijon ya dubi tafin hannunsa.

Ni kuwa na san abin da ya sani. Na zauna da ɗan kokawa shekara arba'in da wani abu. In ka kama shi ta baya, ƙugunsa ke amsawa kafin zuciyarsa ta ji labari. Mijina ya taɓa yin jifa da ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya a tsakar gida saboda ya rungume shi ta baya da wasa. Duk ɗakin nan, da masu riguna da masu takardu, ban da ni da Maigida mutum ɗaya ne ya san wannan, kuma ga shi Allah ya zaro sunansa daga akwati. Na ji sanyi ya sauka a ƙirjina, karon farko cikin shekara biyu.

Da azahar aka tashi a yi salla. Kulu ta tafi neman mana ruwan sanyi. Ina zaune a gindin wata bedi cikin farfajiya sai ga dattijon ya zo bakin famfo da buta. Babu kowa kusa da shi.

Wallahi ban yi shawara da kowa ba, ban ma ga abin shawara a ciki ba. Mutum ya yi maka alheri, ga shi ɗan'uwanka na tsage, kai baƙo a garinsu, ka wuce shi ba gaisuwa? Ai rashin tarbiyya ne. Ina da goro uku farare a bakin zane, waɗanda na sayo tun Sabon Birni. Na je na durƙusa, na ce: "Sannu da aiki, ɗan'uwa. Na ga fuska, na ga gida. Yaron nan jikana ne, maraya ne, ka dube shi da idon rahama." Na ajiye goron a kan murfin butarsa.

Ya ja da baya kamar na ajiye masa maciji. Butar ta kife. Ya dubi dama ya dubi hagu, ga jandarma tsaye a bakin baranda yana kallonmu. Ya ce da ƙaramar murya: "Inna, mi kika yi? Inna lillahi. Mi kika yi wa yaron nan?"

Ban gane ba. Na ce goro ne kawai. Ya ce: "Na yi rantsuwa ba za ni yi magana da kowa kan wagga shari'a ba sai an gama. Ko jandarman bai gani ba, Allah ya gani. Dole in faɗa." Ya tafi bai ko ƙarasa alwalar ba.

Da aka koma, shi ya fara miƙewa. Ya yi magana da harshensu, ɗakin ya ɗauki guna-guni. Metir ya juyo ya dube ni, ya dafe kansa da hannu biyu. Jandarma ya shigo da goron nan uku a kan farar takarda ya ajiye gaban mai jar riga. Tafinta ya kira ni. Kulu ta kama hannuna ta kai ni gaba.

Alƙalin ya tambaye ni wa ya aike ni. Na ce ba kowa. Ya ce ko na san mutumin a da? Na ce ban taɓa ganinsa ba, tsagensa na sani. Ya ce mi nake nufi da goron? Na ce: "Ranka ya daɗe, gaisuwa ce. A garinmu ba a zuwa wurin babba hannu sake." Wasu suka yi dariya, ya buga tebur. Mai gabatar da ƙara ya yi magana mai tsawo yana nuna ni. Ban dubi Maigida ba, ban iya ba.

Alƙalan suka haɗa kai suka yi shawara. Sannan tafinta ya ce mini kotu ta gane rashin sani ne, ba za a yi mini komai ba, a mayar mini da gorona. Amma wanda aka yi wa magana a waje ba zai ƙara zama ba, don kada dangin mamaci su ce an saye shi. Dattijon ya ɗauki hularsa ya sauko. Ta biyar ɗin da ke gefe ta hau kujerarsa. Mace ce mai tabarau, an ce malamar makaranta ce. Ba ta yi mini komai ba, Allah ya sani, ta saurari kowa da kyau har tana rubutawa. Amma da ganin hannunta ba ta taɓa tsayawa bakin fage ba.

Sauran yinin kamar a cikin ruwa na ji shi. Aka karanta takardar likita. Uwar mamacin ta tashi, ba ta zagi kowa ba, ta ce ɗanta mai tsokana ne tun yana ƙarami, amma shi ke kawo mata itace, ya bar 'ya'ya uku. Na yi mata kuka, ita ma. Metir ya yi magana har gumi ya jiƙa masa riga, ya ambaci kamun baya sau biyu, sai dai a bakinsa magana ce ta lauya. Aka tambayi Maigida ko yana da ta cewa. Ya ce: "Ban yi nufin kashe shi ba. Ina roƙon uwarsa gafara."

Daga nan alƙalai uku da mutanen gari huɗu suka shiga wani ɗaki aka rufe, jandarma ya tsaya a ƙofa. Metir ya zo ya zauna kusa da ni, fushinsa ya huce. Ya ce a ciki za a yi musu tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, kowa ya rubuta i ko a'a a 'yar takarda ya naɗe ya jefa. Ta mai jar riga da ta malamar makaranta nauyinsu ɗaya. Inda aka fi yawa nan hukunci yake. Na ce ashe mutum ɗaya na iya juya ta? Ya duba agogonsa.

Aka yi la'asar ba su fito ba. Inuwar bedi ta kai bango ba su fito ba. Kulu ta miƙo mini fura na ajiye ta gefe. Duk ƙofar da ta yi ƙara sai in waiwaya. Rana ta yi ja sannan aka buga ƙararrawa.

Tafinta ya juya mana amsoshin. Ya yi nufin kisa? A'a. Shi ya yi jifan da ya zama ajali? I. Akwai abin sassauci? I. Shekara huɗu, a cire watannin da ya riga ya yi.

Na kama rigar Metir a baranda na ce ya gaya mini mutum nawa suka ce i. Ya ce ba wanda ya sani sai su, su kuma sun rantse ba za su faɗa ba har su mutu. Na ce takardun fa? Ya ce da an ƙirga ake ƙone su. Na ce: "Ɗana, dubi girman Allah, in da ban kai goron nan ba fa?" Ya ce: "Inna, mai yiwuwa da haka za ta kasance. Mai yiwuwa kuma ba haka ba. Ba ni da abin da za ni auna miki da shi."

Dattijon bai tafi gida ba, ashe yana bakin ƙofar waje tun azahar. Yanzu da aka gama ya zo da kansa ya gaishe ni. Ya ce ya yi kokawa da ƙuruciya a wajen Madarumfa. Na yi masa tambayar da na yi wa Metir. Na so ya ce mini ko da ya zauna ba abin da zai sake. Ya ce: "Inna, ban ji shaidun yamma ba, ban san abin da za ni rubuta ba. Abin da na sani, da na shiga ɗakin nan da na tashi tsaye na nuna musu yadda kamun baya yake." Ya share ido da hannun riga ya tafi.

Washegari da hantsi aka bar ni na ga Maigida ta wata taga mai ragar waya. Na shirya roƙon gafara tun daga masauki, amma da na buɗe baki ya riga ni. Ya ce: "Amarya, ashe haka kike? Ina tsaye a gabanki, ki ɗauki goro ki kai wa wani namiji?" Ya yi dariya don in yi. Ban iya ba. Sai ya sa yatsunsa ta cikin wayar ya kama nawa, ya ce: "Ni na jefar da mutum, ba ke ba. Ki bar kuka." Ya ce sakatare ya zo, ya ce in ya fito ya rubuta takarda za su duba. Ya ce: "Kafin nan gwiwa ta tafi. Noma za ni yi, in daji ya lafa." Ya sa aka ba ni ɗamararsa ta fage, da guru da layu, ya ce in rataye inda gara ba ta kaiwa.

Ta hanyar da muka je muka dawo. Bazabarmen nan yana kan igiya, ya hango ni ya fara murmushi zai ja wasa, da ya ga fuskata sai ya ɗaga igiyar kawai.

To, ga labarin, masu tambaya. Ɗamarar tana rataye a ƙusar da kakansa ke rataye tasa. Goron uku suna nan cikin ƙwarya, sun bushe sun yi baƙi. Kulu ta ce in zubar, na kasa. In an fara kiɗan kokawa a bayan gari nakan shiga ɗaki in rufe ƙofa, in ɗauko su in ƙirga mutum bakwai a yatsuna, in cire ɗaya, in mayar, in sake cirewa. Ba ta taɓa fito mini ba. Wanda ya ji wannan, ya sa Maigida a addu'a, ya sa mamacin da uwarsa, ya roƙa mini Allah ya kai ni ranar da za ni ji muryar nan a bakin zaure tana cewa Amarya.